Daga Aboabo zuwa bayan Ejura: littafin aikin gona da rumfar kafinta

A wannan littafi muke rubuta yadda aikin gidanmu yake tafiya tun da muka kwashe rumfar kafinta daga Kumasi muka koma gona. Baba ne ke riƙe da rumfa, Yaya babba yana kan gona, Mma da matan gida suna kan rumbu da shanya da lissafin buhu. Awo da adadin da ke ciki namu ne, daga eka goma sha biyu da ke arewacin jihar Ashanti, inda kurmi yake ƙarewa dajin ciyawa ya fara. Wanda ƙasarsa ta bambanta sai ya gwada kafin ya ɗauka.

18 ga Nuwamba, 2023

An gama maganar fili. A ƙasar Tonawa, wato Ashanti, fili na kujerar sarauta ne, kuma tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana a sayar da irin wannan fili sayarwar har abada. Haya ce ake ba mutum ta wasu shekaru. Matakan da muka bi: Sarkin Zango ya haɗa mu da dattijon da ya kai mu gaban mai gari, aka gaisa ta bakin mai magana da yawunsa, aka biya abin da su suke kira kuɗin sha, mu kuma muke ce masa kuɗin goro, aka ba mu takardar rabon fili. Wannan takarda ita kaɗai ba ta isa ba. Sai da safiyo mai lasisi ya zo ya auna ya zana taswira, aka rubuta yarjejeniyar haya, sannan aka kai Hukumar Filaye a Kumasi don rajista. Akwai kuma kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara.

Awon igiya da aka yi mana tun farko ya ba da eka goma sha huɗu. Na safiyo ya ba da goma sha biyu da ɗan kai. Babu wanda ya yi ha'inci, igiyar ce kowane gari da tsawonta. Amma da mun sayi iri da taki a kan lissafin igiya, da mun yi asarar kuɗin eka biyu kafin mu sa ƙwaya ɗaya a ƙasa. Mun kafa ginshiƙan siminti takwas a kusurwoyi da tsakiyar iyaka, maƙwabta na tsaye suna kallo.

Akwai manyan itatuwa biyu a gefen kwari, ɗaya odum ne. Ba za mu taɓa su ba. Itacen katako da ya fito da kansa, ko a gonarka yake, doka ba ta ba ka ikon sare shi ba sai da izinin Hukumar Gandun Daji.

9 ga Disamba, 2023

Hunturu ya shigo, kuma aikin farko a wannan yanki shi ne hanyar wuta, wato sharar da ke tare gobarar daji. Mun share faɗin mita biyar kewaye da fili, har ƙasa tsirara, muka kwashe ciyawar zuwa ciki. Idan aka bar ta a bakin hanyar, an tara wa gobara abinci ke nan. Gefen gabas, inda iska take fitowa, mun ƙara zuwa mita takwas.

Rijiyar burtsatse ta kai ruwa a mita hamsin da biyu. Rumfar kafinta ƙafa arba'in ce a tsawo, ashirin da huɗu a faɗi, ginshiƙai na ƙarfe, rufin kwano, daɓen siminti inci huɗu, inda injuna za su zauna kuma inci shida. Mun bar gefe biyu a buɗe saboda ƙura. Rumfar shanya katako dabam take, nesa da ƙafa talatin, don idan wuta ta kama ɗaya kada ta ci biyu.

13 ga Janairu, 2024

Katako ya iso daga kasuwar katako ta Sokoban a Kumasi, inda aka mayar da 'yan katakon unguwar Anloga. Motar kaya Kia ɗaya ce ta ɗauko, ta bi Tafo, Mamponteng, Agona, Jamasi, ta hau tudun Mampong da ƙyar saboda nauyi. Kaya: mahogani mai kaurin inci biyu guda sittin don ƙofofi, katakon itacen da ake kira wawa mai inci ɗaya guda ɗari da ashirin, ofram guda arba'in, sidirela guda talatin. Duk na masana'antar yanka ne, da rasiti da takardar ɗauko kaya. Katakon da aka tsaga da zarton inji a daji ya fi araha, kuma za a kawo maka shi har gida da dare, amma dokar 1998 ta hana cinikinsa. Ban da haka ma kaurinsa ba ya daidaita, sai injin fira ya cinye kusan rabin inci kafin fuska ta miƙe. Arahar a ƙasa take zubewa.

Yadda muka jera shi, don wannan ne tushen duk aikin rumfa. An ɗora katakai masu kauri a kan bulo, tsayin inci goma sha takwas daga ƙasa, an daidaita su da ma'aunin ruwa, domin idan gindin ya karkace duk abin da ke kansa zai bushe a karkace. Tsakanin kowane layi da na samansa an sa 'yan sanduna busassu, inci ɗaya a kowane gefe, tazarar ƙafa biyu, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta. Tsakanin katako da katako an bar yatsa biyu. An shafa wa bakin kowane ɗaya tsohon fenti mai mai, saboda ruwa ya fi saurin fita ta baki, kuma ta nan tsagewa take farawa. A sama an ɗora kwano da bulo don nauyi.

Na'urar awon danshi mai allura biyu ta nuna mahogani tsakanin 28 da 34 cikin ɗari. Mai sayarwa ya ce busasshe ne. A bakin ɗan katako, busasshe yana nufin ba ya jiƙa hannu.

10 ga Fabrairu, 2024

Babu wuta mai layi uku a nan, kuma injin fira da zarton tebur duk ita suke ci. Mun sayi injin dizal mai silinda ɗaya, irin na masu niƙa, da kan janareto na kilowat goma sha biyar, aka haɗa su a kan firam ɗaya a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi.

Kwana uku na farko motar injin fira tana zafi har ba a iya ɗora mata hannu. Dalilin a fule yake, wato faifan da bel ke hawa. Kan janareton yana son juyi 1,500 a minti kafin ya ba da wuta daidai, injin kuma yana juyi 2,200. Fulen injin santimita goma sha biyar ne, don haka na janareto ya kamata ya zama ashirin da biyu. An sa mana na ashirin da biyar, juyi ya sauka zuwa wajen 1,320, wuta ta yi rauni, motar tana jan abin da ya fi ƙarfinta. An canza fule, an sa bel uku sababbi masu lamba ɗaya. Kada a haɗa tsohon bel da sabo, sabon ne zai ɗauki nauyin shi kaɗai ya tsinke.

Matsala ta biyu: motar injin fira, mai kilowat biyar da rabi, tana jan wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi, sai injin dizal ya yi baƙin hayaƙi ya nemi mutuwa. Mai gyaran wuta ya sa mata makunni mai mataki biyu, wanda ke tayar da ita a hankali kafin ya sake mata cikakkiyar wuta. Ƙa'idar rumfa yanzu: a fara kunna babban inji, sannan ƙarami. Dizal yana tafiya kusan lita biyu a awa idan ana fira, shi ya sa muke tara aikin inji a yi shi rana biyu a mako, sauran kwanaki aikin hannu.

24 ga Fabrairu, 2024

Ƙofofi shida na farko, uku sun dawo. Wannan ita ce asara mafi zafi zuwa yanzu, kuma ya kamata a rubuta ta dalla-dalla.

Mun auna mahoganin a ƙarshen Janairu, na'ura ta ce 15. Muka fere, muka haɗa, muka kai wa mai gini a Kumasi. Cikin mako biyu allon tsakiya ya tsage a biyu daga cikinsu, ta uku kuma ta murɗe har ba ta shiga firam. Baba ya ɗauko ragowar katakon, ya yanke ƙafa ɗaya daga baki, ya soka allura a tsakiyar sabon yankan. Ta nuna 24. Iskar hunturu ta busar da fatar ne kawai, cikin yana nan da ruwansa, kuma allurar ba ta shiga fiye da 'yan milimita. Da aka fere fatar aka buɗe jiƙaƙƙen ciki, sai ya ci gaba da bushewa a jikin ƙofa, yana tsukewa yana ja.

Kuskure na biyu a haɗi yake. Allon tsakiya yana zama ne a cikin kwarmin da aka sassaƙa a jikin ƙafafun ƙofa da giciyenta, kuma ba a sa masa gam. Dole a bar shi ya yi motsi. An sa masa gam a duk gefe huɗu, don haka da ya tsuke bai sami wurin ja ba sai tsakiyarsa. Mun auna ɗaya: allo mai faɗin santimita talatin ya rage kusan milimita huɗu.

Abin da muka tsayar daga yau. Ba a auna katako a fata, sai an yanki baki an auna ciki. Katakon ƙofa ba ya hawa inji sai ya sauka 14 ko ƙasa. Bayan firar farko a bar shi mako ɗaya a jere kafin firar ƙarshe, don abin da zai murɗe ya murɗe tun kafin a haɗa. Kwarmi zurfin milimita goma sha biyu, allo ya bar uku a kowane gefe, gam a ramin haɗi da harshensa kawai. Mun kuma ware katako uku na gwaji, an rubuta nauyinsu a jiki, ana ɗora su a sikeli duk Asabar. Ranar da nauyi ya daina sauka mako biyu a jere, jerin ya kai inda iskar wurin za ta iya kai shi.

An mayar wa mai ginin kuɗinsa na ƙofa uku, mun nemi wata biyar.

30 ga Maris, 2024

Ruwan farko ya sauka, amma ba a shuka da shi. Nan damina biyu ce, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa farkon Nuwamba. Tarakta ta yi huɗa a eka shida, aka dawo bayan kwana goma aka bi da haro. Inda tofa ta yi yawa, kusan eka ɗaya, haro ya daddatsa saiwarta ya watsa, kowane guntu kuma sabon tsiro ne. Da mun sani da mun bar ta ta yi ganye an yi mata feshi kafin garma ta shiga. Yanzu sai tsinta da hannu, kuma ana azumi, don haka daga asuba zuwa ƙarfe goma kawai ake iya aiki.

Iri: Obatanpa, farar masarar da cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 1992, tana nuna cikin kwana ɗari da biyar zuwa ɗari da goma. Mun ƙirga ƙwaya ɗari muka shuka a tire mai yashi. Casa'in da ɗaya sun fito a kwana na shida. Da sun gaza tamanin da biyar da mun mayar da buhun.

13 ga Afrilu, 2024

An shuka eka shida jiya da yau, bayan an yi ruwa uku masu kyau kuma ƙasa ta jiƙe zurfin tafin hannu da rabi. Igiya mai ƙulli: santimita tamanin tsakanin layi, arba'in tsakanin rami, ƙwaya biyu a rami, zurfin santimita biyar. Iri ya tafi kilo tara a eka. Mutum goma sha ɗaya, shida daga ciki 'yan ƙwadago ne na yini. Sun fi son shuka da taku ba igiya, ya fi sauri, amma taku yana faɗaɗa idan mutum ya gaji, kuma a ƙarshen gona sai ka tarar ka rasa kashi ɗaya cikin biyar na tsirrai.

4 ga Mayu, 2024

An sa NPK 15-15-15 a kwana na goma sha biyu, buhu biyu na kilo hamsin a kowace eka, murfin kwalba ɗaya a rami, nesa da gindi yatsa uku, a binne. Wanda aka watsa a sama ruwa ne ke kwashewa.

Tsutsar masara, wadda ta shigo Gana a 2016, ta bayyana a mako na uku. Alamar farko ba rami ba ce, wasu tabo ne farare a ganye kamar an kankare shi da farce har ana ganin haske ta ciki. Idan ka buɗe kan masarar za ka ga kashinta kamar dusar zarto jiƙaƙƙiya. Muna duba tsiro ashirin a wuri biyar cikin kowace eka, sau biyu a mako. Ranar Talata ashirin da uku cikin ɗari sun kamu, muka yi feshi da maganin emamektin bisa awon da ke jikin kwalba. Lokaci da inda aka nufa su ne komai: da sassafe ko bayan la'asar, bakin injin feshi a cikin mazurarin ganye, domin da rana tsutsar tana can ƙasa a ɓoye. Eka ɗaya da aka fesa da tsakar rana sai da aka maimaita.

1 ga Yuni, 2024

An ƙara yuriya buhu ɗaya a eka a mako na shida, bayan noma na biyu.

Abin da ba mu lissafa ba tun a Kumasi shi ne hannu. Mun ɗauka gona da rumfa za su riƙa karɓar juna, idan ɗaya ta huta ɗaya ta tashi. Mayu ya nuna mana akasin haka. Makon da za a sa taki shi ne makon da aka kawo odar benci ashirin na wata makarantar Islamiyya, kuma taki ba ya jira. Rumfa ta rufe kwana goma sha ɗaya cikin watan. Daga yanzu ba a karɓar odar da za a kai tsakanin tsakiyar Afrilu da ƙarshen Mayu, haka kuma Agusta.

An dasa itacen katako na tik a eka ɗaya ta gefen kwari, guntayen saiwa masu kaurin babban yatsa, mita uku-uku, guda ɗari huɗu da hamsin. Za a yi masa rajista a ofishin gandun daji na gunduma, don itacen da ka dasa ma sai da takarda ake sare shi a ɗauka. Ganyen tik idan ya zuba a rani wuta yake kira, saboda haka hanyar wuta ta wannan gefe za ta zama aikin kowace shekara.

6 ga Yuli, 2024

Katakon wawa ya ba mu aiki. Layi huɗu na ƙasan jeri sun yi shuɗin tabo, funfuna ce da ke shiga jikin itace idan danshi ya daɗe iska ba ta ratsawa. Ciyawa ce ta tsiro ta toshe ƙarƙashin jerin. Tabon ba ya rage ƙarfi amma fira ba ta fitar da shi, sai dai a yi amfani da katakon inda za a shafa fenti. Sannan gunda: ƙananan ramuka kamar na allura, da gari mai laushi a ƙasa da safe. Wawa da ofram duk tana son su. Sidirela da ke gefe ko ɗaya ba ta taɓa ba.

Mun yi kwami da rabin duro biyu da aka haɗa, muka narka borakis kilo ɗaya a ruwan ɗumi lita goma, ana tsoma kowane katako a juya shi, a jera su manne da juna a rufe da leda kwana bakwai don maganin ya ratsa, sannan a mayar da su jerin shanya. Wannan aiki ranar da katako ya iso ya kamata a yi shi, yana ɗanye, lokacin da ruwan jikinsa zai ja maganin ciki. Guda goma sha huɗu sun lalace.

Da katakon da ya yi tabo muka gina rumbun shanya masara. Faɗi mita ɗaya kacal, tsawo mita takwas, ƙafafu mita ɗaya daga ƙasa, kowace ƙafa da mazurarin kwano a kife don ɓera. Bango na siraran katako ne da rata tsakani, dogon gefen yana fuskantar iska. Wani maƙwabci ya ce a faɗaɗa shi ya ɗauki kaya da yawa. Idan ya wuce haka a irin wannan danshi, iska ba ta kai tsakiya, kuma tsakiyar ce ke ruɓewa.

10 ga Agusta, 2024

An girbe. Alamar nuna: a ciro ƙwaya a duba gindinta, idan baƙin ɗigo ya fito ta gama cika. Ranar girbi danshin ƙwaya yana wajen 24 cikin ɗari, kuma masara ba ta ajiyuwa sai ta sauka 13. Ga shi Agusta a nan gajimare ne, rana ba ta da ƙarfi. Masarar babbar damina matsalarta ke nan duk shekara: an samu da yawa, babu ranar da za ta busar.

An ɓare bawo a gona, an ware duk goyon da tsutsa ta huda ko ya yi kore-kore a baki. Waɗannan ba sa shiga rumbu, kuma ba a ba kaji, saboda gubar funfunar da ake kira afalatoksin dafuwa ba ta kashe ta, tana kuma cin hanta. Kwando goma sha bakwai aka ware aka binne. Mai kyau ta cika rumbu, ragowar aka shanya a kan tamfol. Ba a zuba masara a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta.

Tamfol ɗaya an naɗe shi da masarar a ciki saboda yayyafi, aka manta har kwana biyu. Da aka buɗe, zafi ya bugi hannu kamar an sa shi a tukunya, ga wari mai tsami. Jiƙaƙƙiyar ƙwaya numfashi take yi, idan aka rufe ta tana dafa kanta. Buhu biyu suka tafi. Yanzu idan hadari ya haɗo, a kwashe zuwa daɓen rumfar kafinta a baje, kauri kada ya wuce yatsa huɗu, a riƙa juyawa. Rumfa ta sake rufewa saboda haka, injin fira yana lulluɓe da buhu.

7 ga Satumba, 2024

An kawo injin casa bayan masara ta yi mako huɗu a rumbu. Idan aka casa tana da danshi injin yana farfasa ƙwaya, fasasshiya kuma ita ƙwari da funfuna suke fara ci. Bayan casa an ƙara mata rana uku a tamfol.

Gwajin Mma ya zo daidai da na'ura. Ta soya gishiri ya bushe ƙarau, ta zuba cokali biyu a busasshiyar kwalba, ta cika sulusinta da masara, ta rufe ta girgiza minti ɗaya, ta ajiye kwatan awa. Ta ɗaga kwalbar a hasken ƙofa ta ce wa Yaya, "Zo ka gani, gishirin bai kama gilashi ba, a ɗure." Wadda aka gwada kwana uku kafin nan, gishirin ya manne a jikin kwalbar kamar hazo.

Sakamako: buhu hamsin da huɗu na kilo ɗari daga eka shida, wato tara a eka. Eka mai tofa ta ba da shida. An ɗure arba'in a buhun PICS, buhun ajiya mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, kowace leda an matse iska an ɗaure ta dabam, an jera a kan katako nesa da bango. Babu magani a ciki, rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Goma sha huɗu an kai kasuwar Ejura ranar Litinin don kuɗin ƙwadago da dizal. Buhun 'yan kasuwa yana cin fiye da kilo ɗari idan an cika shi an ɗinka masa hula, don haka da sikelinmu muka je, kuma a kan kilo aka yi ciniki.

An shuka wake Asontem a eka uku na inda aka cire masara, santimita sittin da ashirin, ƙwaya biyu. Sauran ukun an sa Abontem, masara mai saurin nuna, don ƙaramar damina ba ta da tsawon da Obatanpa ke so.

12 ga Oktoba, 2024

Mahoganin Janairu ya tsaya a 17, nauyin katakon gwaji ya daina sauka tun Agusta. Iskar damina iyakarta ke nan. Don mu kai 13 ba tare da jiran hunturu ba, mun gina ɗakin shanya mai aiki da rana: ƙafa goma sha huɗu da takwas, bango na katako an shafa baƙin fenti a ciki, rufi na roba mai haske a karkace, fanka biyu ƙanana da faifan sola ɗaya ke juya su, da tagogi biyu da ake buɗewa don fitar da tururi. Da azahar zafin ciki yana kai digiri hamsin. Makon farko an bar tagogin kusan a rufe don kada fata ta riga ciki bushewa, abin da ya faru a Janairu. Cikin kwana ashirin da uku awon ciki ya nuna 13.

Ƙofofi uku da ake bin mu an haɗa su, an makara wata uku kan alkawari. Kafin a shafa banish an rufe duk fuska shida, har da saman ƙofa da ƙasanta da ba a gani, don ta nan danshi ke shiga.

Guntayen sidirela sun zama amya guda goma, irin mai sanduna a sama. Awo ɗaya ne ba a wasa da shi a nan, faɗin kowace sanda milimita talatin da biyu. Idan ya wuce ko ya gaza, ƙudan zuma za su gina saƙa a giciye ta haɗe sanduna, ba za a iya ɗaga ɗaya ba sai an fasa. An shafa kakin zuma a tsakiyar kowace sanda, an rataye su a inuwa gefen tik, nesa da wake saboda feshi.

9 ga Nuwamba, 2024

Wake ya sha feshi biyu, ɗaya da ya fara fure, ɗaya da ya ɗaura kwanso, duka da yamma bayan ƙudan zuma sun koma. An fara tsinkar farko jiya. Abontem ta yi goyo, amma layukan gefen tudu sun naɗe ganye a makon da ruwa ya ɗauke, ba ma sa ran za su cika. Amya uku cikin goma sun kama. Tik guda talatin da takwas sun mutu, za a maye su a Mayu. Ƙofofin Kumasi sun yi wata ɗaya a jikin gini ba su motsa ba, amma sai hunturu ya wuce za mu saki jiki.

Sabon katako zai iso ranar Laraba, kwamin borakis yana shirye. An zuba tsakuwa a ƙarƙashin rumfar shanya don ciyawa. Boris ɗin gefen hagu na injin fira ya fara ƙara, an aika lambarsa Suame. Hanyar wuta za a fara ranar Litinin daga gefen gabas, mutum biyar, kuma bana za a kewaye amya da gonar tik da tasu hanyar dabam.